Buhun Sama da Buhun Ƙasa

 Na ji daɗin labarin injin zuƙe ƙura da ka sayo wa ɗan shagonka na cikin gida. Kafintoci da yawa sai sun tara zarto iri-iri da injin goge katako da na fere, sannan su tuna da ƙura, in ma sun tuna. Kai ka tuna da ita da wuri, kuma hankali ke nan. Yadda aka kwatanta mini shi, irin na hannun nan ne da ake shigowa da su daga Amurka: moto da farfela a gefe, zoben ƙarfe a tsakiya, buhun yadi ɗaya a tsaye a sama, ɗaya a rataye a ƙasa. An ce da ka kunna sai buhunan su kumbura, dusa ta ɓace daga bakin zarto, daɓen shago ya zauna fes. To, a kan wannan fes ɗin nake so mu yi magana, domin ya yaudari mutane da dama.

Irin wannan inji an ƙera shi ne don masu aikin katako na sha'awa a garejin gidajensu a can, kuma abin da maƙeransa suka sa gaba shi ne kwashe dusa don kada ta binne inji. Farfela ta zuƙo iska da dusa ta cikin tiyo, ta watsa su cikin zoben tsakiya, su yi ta juyi, mai nauyi ya faɗa buhun ƙasa. Iska kuwa dole ta fita, kuma ba ta da hanya sai ta jikin yadin. Duk iskar da injin ya ja daga bakin zarto ita ce ke komowa ɗakin ta ƙofofin saƙar buhu. Abin dubawa shi ne me take komowa da shi.

Masu yin waɗannan buhuna suna auna abin da buhu ke iya tarewa da maikuron, wato milimita ɗaya a kasa ta kashi 1,000. Silin gashin kai wajen maikuron 70 ne a kauri, ko sama ko ƙasa. Tsofaffin injuna da buhu mai lamba 30 suke zuwa, na baya-bayan nan kuwa da mai lamba 5 ko 2.5. Ƙurar da ke wuce hanci da maƙogwaro ta sauka ƙirji ita ce ta maikuron 10 zuwa ƙasa, wadda ke kaiwa can ƙuryar huhu kuma ba ta ma kai 5 ba. Ka ga ashe buhu mai lamba 30 aikin rariya yake yi: ya riƙe tsaki, ya saki gari. A madafa garin ake nema, a shagon kafinta kuwa garin ne mai cutar. Abin ma ya fi haka, don ƙurar da a da za ta kwanta ƙarƙashin inji, yanzu farfela ce ke ɗaga ta tana fesa ta daidai tsayin hancinka, muddin injin na kunne. Kuma mai laushin nan ba ta saurin sauka. Sai ka kashe komai ka tafi sallah ka dawo, tana nan tana yawo a iska.

In kana so ka gani da idonka, ka bari sai dare. Ka yanka 'yan katakai da injin a kunne, ka kashe fitilu, ka haska tocila mai ƙarfi ta gefen buhun sama, kai kuma ka tsaya ta inda hasken ba ya dukan idonka kai tsaye. Za ka ga ƙura na tashi daga jikin yadin, ta fi yawa wajen ɗinki da bakin zobe. Masu binciken lafiyar ma'aikata a Ingila da fitila irin wannan suke kama ƙurar da hasken ɗaki ke ɓoyewa.

Ba don in tsorata ka ba, amma ya kamata ka san abin da aka sani game da wannan ƙura. A Ingila akwai wani gari, High Wycombe, da ya yi suna wajen yin kujeru. A shekarun 1960 likitocin hanci da kunne na yankin, cikinsu har da wata likita mai suna Esme Hadfield, suka lura wata irin sankarar cikin hanci, wadda da wuya a gan ta a jikin sauran jama'a, tana yawan bayyana ga ma'aikatan kayan ɗaki. Aka bi diddigi aka tarar da ƙurar katako mai tauri ce. A 1995 hukumar binciken sankara ta duniya da ke birnin Liyon na Faransa, wadda ke ƙarƙashin Hukumar Lafiya ta Duniya, ta sa ƙurar katako a rukuni na 1, rukunin abubuwan da aka tabbatar suna jawo sankara ga ɗan Adam. Cutar ba ta gaggawa. Takan ɗauki shekara 30 ko 40 kafin ta nuna kanta, shi ya sa matashi ba ya jin maganar a jikinsa. Wadda ta fi ta yawa, ta kuma fi saurin zuwa, ita ce asma. A nan katakon da kake taɓawa kullum ne ke kan gaba. Obece da iroko duk suna cikin itatuwan da likitoci suka daɗe da sanin suna tayar da asma ga masu aikinsu, iroko kuma ya ƙara da ƙaiƙayin fata. Mansoniya an san ta da sa atishawa da haɓo. Allon MDF da ya cika kasuwa yanzu, garin itace ne da aka danne da gam, yankansa kuma yana ba da ƙura mai laushin da ta fi ta katakon gaske.

Bari in yi maka ɗan lissafi. Dokar Birtaniya ta ce ƙurar katako mai tauri kada ta wuce miligiram 3 a kowace mita guda ta iska, wato tsawo da faɗi da tsayi mita ɗaya-ɗaya, in an daidaita a kan aikin awa 8. Ta katako mai taushi kuma 5. A ce shagonka mita 6 ne a tsawo, 4 a faɗi, 3 zuwa rufi. Iskar ciki mita 72 ke nan, ƙurar da dokar ta yarda da ita duka-duka miligiram 216, ko rubu'in giram ba ta kai ba. Yanzu ɗauki allon iroko mai kaurin inci 1 ka tsaga shi tsawon mita 1 da zarto mai bakin milimita 3. Abin da zarton ya cinye ya kusa giram 50. Ko kashi 1 cikin 100 na wannan ne ya tashi sama, ka ninka iyakar dokar har da ɗori, a yanka ɗaya tak. Shagon nan kuma bango ɗaya ya raba shi da ɗakin da yaranka ke kwana.

Saboda haka in kuɗi ya shigo, kafin sabon zarto, buhun sama za ka fara taɓawa. Hanya biyu ce. Ta farko, ka canza shi da buhu mai kauri, irin wanda ba saƙa shi aka yi ba, zare aka cakuɗa aka danne kamar bargo, mai lamba 1. Ya fi araha, kuma ya fi na asali nesa ba kusa ba. In za ka saya ko za ka sa a ɗinka maka, ya fi na asali girma, gwargwadon yadda rufin ɗakin ya ba da dama, domin duk yadin da ya fi matsewa ya fi hana iska wucewa, kuma faɗi ne kaɗai ke rama wannan. Kada wani ya ba ka shawarar ka sa tela ya ɗinka maka da atamfa ko yadin katifa ko buhun shinkafa. Ko dai ya saki ƙurar gaba ɗaya, ko ya toshe ya shaƙe injin.

Akwai wani hali na buhun yadi da ya kamata ka sani. Sabo fil ya fi zubar da ƙura. Sai ya yi kwanaki yana aiki, gari ya lulluɓe cikinsa, sannan ya fara tacewa da kyau, don garin da ya manne shi ne ke tare na bayansa. Amma wannan garin dai shi ne ke rage ƙarfin zuƙa. Wato lokacin da buhu ya fi tacewa, lokacin ne injin ya fi rauni a bakin zarto. In ka kakkaɓe shi tas ƙarfi ya dawo, tacewa ta ragu. Tsakanin nan biyu mai buhu yake zaune kullum. Shi ya sa ba a wanke shi da ruwa da sabulu, sai dai a ɗan bubbuga shi da tafin hannu bayan an kashe inji, a bar garin ya zuba ƙasa da kansa.

Hanya ta biyu, wadda ni ita nake so maka, ita ce filta mai siffar ganga, wadda aka nannaɗe takardarta ko yadinta ninki-ninki a cikin ragar ƙarfe. Tana zama kan zobe a gurbin buhun sama. Amfanin ninkin shi ne faɗi: in aka warware abin da ke cikin gangar nan, ya ninka jikin buhu sau da yawa, alhali a tsaye ba ta kai buhun tsawo ba. Faɗi in ya yi yawa, iska ba ta cunkoso, tana ratsawa a hankali ta ko'ina, sai ka sami abu biyu da buhu ba ya haɗa maka: tacewa mai kyau da zuƙa mai ƙarfi.

Wajen saye fa ka buɗe ido. Rubutun "maikuron 1" a jikin kwali, shi kaɗai, bai faɗi komai ba, don bai ce kashi nawa na ƙurar wannan girman yake tarewa ba. Mai tare rabi da mai tare kusan duka, kowa na iya buga wannan lamba. Abin dogaro shi ne ma'aunin da aka gwada. A Amurka ƙungiyar injiniyoyin iska da sanyi, ASHRAE, tana da ma'auni mai suna MERV, daga 1 zuwa 16. Filta mai MERV 15 tana tare aƙalla kashi 85 cikin 100 na ƙurar da ke tsakanin maikuron 0.3 da 1, wadda ta fi wannan girma kuwa kusan ba ta tsira. Ita za ka nema. Sama da ita akwai HEPA, mai tare kashi 99.97 a maikuron 0.3, amma a kan ɗan inji irin naka tsadarta da nauyin da take ɗora wa farfela sun fi ƙarfin amfaninta. Wurinta shi ne ƙaramin injin shara da ake haɗawa da injin sanfefa. Ka kuma duba abin da aka yi ta da shi. Ta takarda zalla ba ta son laima, damina ɗaya a shagon da ke yoyo ta isa ta lalata ta. Ta zaren roba ta fi juriya, wasu ma ana iya ɗauraye su in maƙerin ya ce a yi.

Na san za ka ce ina za a samo ta a nan, da wace dala. Wasu suna ɗora manyan filtocin iska na tirela ko na babban janareta, kuma ban ga laifin dabarar ba in babu wata. Sai dai ka sani an yi su ne iska ta shiga daga waje ta fita ta ciki, kai kuwa juya su za ka yi, ƙura ta taru a cikin ninkin da ya fi matsi, inda fitar da ita ke da wuya. In za ka bi wannan hanya, sabuwa za ka saya, ba wadda aka cire daga mota aka hure ba, kuma biyu a jere sun fi ɗaya.

Yanzu buhun ƙasa, wanda kowa ke rainawa. In ka sa filta mai tsada a sama ka bar buhun yadi a ƙasa, ka yi aikin banza, don iska inda ta fi samun sauƙi take bi, kuma ta tsohon yadin nan za ta fice da ƙurarta. Filta a sama, leda a ƙasa: tare suke tafiya. Amma kada ka juya maganar. In har yanzu ɗan buhun asali ne a sama, kada ka yi gaggawar sa leda a ƙasa, domin a irin injinka buhunan biyu duka suna numfashi. Ka toshe na ƙasa, ka rage wa iska rabin hanyarta, zuƙa ta faɗi, na saman kuma ya ƙara feshi saboda matsi. Mutane da yawa sun yi wannan suna murna sun daina kakkaɓe buhu, ba su san sun kashe rabin injin ba.

Ledar ta zama mai kauri, wadda yatsa ba ya hudawa da sauƙi, kuma fara garau da ake ganin ciki. Baƙar ledar shara ba ta yi, za ta fashe ran da ba ka shirya ba, kuma ba ka ganin inda dusa ta kai. Ganin nan yana da muhimmanci, don in dusa ta cika har ta kai zobe, juyin iska zai ɗebe ta ya cusa cikin filta, ka wuni kana tsifar ninki. Da ta wuce rabi kaɗan, ka sauke. Ka sa mata katako ko rabin duro a ƙasa ta zauna a kai, kada nauyinta ya rataya a wuya. Wajen ɗaure ta a zobe, ka fara naɗa roba mai laushi, ko da yankin tsohon tiyub na mota ne, sannan leda, sannan maɗaurin ƙarfe, ka bi ka miƙar da duk wata tattara, don kowace tattara ƙofa ce. Haka tsakanin filta da zobe, sai da roba a tsakani, a ɗaure ta zauna daram. Kwatar zoben da inda bututun farfela ya shige shi, ka bi su da gam ko salatif mai ƙarfi. Daga farfela zuwa gaba iska turowa take yi, ko hudar allura ce sai ta fesa. In ka gama, ka sake gwajin tocilar nan.

Wajen sauke leda ma akwai ladabi. A kashe inji, a bubbuga filta, a ba ta 'yan mintuna garin ya kwanta, sannan a kwance maɗauri a hankali a shaƙe wuyan ledar a ɗaure tun tana wurin. Kada a juye ta cikin wani buhu a tsakar gida. Kuma in yaron shago ne ke wannan aiki, kamar yadda aka saba ɗora wa ƙarami aikin da ya fi ƙura, to shi ya fi kowa cancantar takunkumi mai kyau. Amana ce iyayensa suka ba ka.

Filta mai ninki tana da maƙiyi ɗaya, shi ne dusa mai yawa, musamman ta injin goge katako. Maganinta a raba dusa da iska tun kafin su iso farfela. Ana sa duro a tsakanin inji da zarto, da mazurari mai juya iska a kansa, irin wanda kamfanin Oneida na Amurka ya yi suna da shi, ko kuwa faifan nan da wani Ba'amurke mai suna Phil Thien ya ƙirƙiro: faifai ne a ƙarƙashin murfin duro, an yanke masa siririyar kafa a gefe wajen kashi biyu cikin uku na kewayensa, iska ta shigo a karkace ta yi juyi a samansa, dusa ta zurara ta kafar, iska ta fice ta tsakiya. Faifan kai da kanka za ka yi shi da ragowar filawud, mazurarin kuwa duk mai walda da ya iya lanƙwasa falange zai buga maka in ka ba shi awo. Ribar a fili take: mafi yawan dusa a duro za ta tsaya, ƙusa ko guntun katako ba za su daki farfela ba, filta ta daɗe ba ta toshe ba. Amma ba kyauta ba ne, yana cin wani abu daga ƙarfin zuƙa. Kuma murfin duron dole ya rufu ruf, don a wannan ɓangaren iska ja take yi. In ta sami kafa ta ƙasa, sai ta tayar da abin da ya kwanta ta wuce da shi.

Tunda an zo maganar ƙarfi, ka je ka karanta ɗan farantin da ke jikin moton. Wutar Amurka tana juyawa sau 60 a daƙiƙa, tamu sau 50. Moton da aka rubuta masa juyi 3,450 a minti, a wutarmu wajen 2,850 zai yi. Iskar da yake ja ta ragu da kusan kashi ɗaya cikin shida, ƙarfin jan kuma da kusan kashi 30 cikin 100. Ba lalacewa ya yi ba, kuma ba mai gyaran da zai dawo masa da wannan. Abin da ya rage maka shi ne kada ka ɓarnatar da ɗan abin da ke akwai. Tiyo mai ƙwarya-ƙwarya a ciki yana cin iska fiye da bututu mai santsi, saboda haka ka gajarta shi iya yadda za ka iya. Ka rage kwana, wadda ta zama dole kuma ta zama mai faɗi. Inji ɗaya za ka riƙa ja a lokaci guda, sauran bakuna a rufe. In da hali ma ka tura injin zuƙar kusa da abin da kake aiki da shi, ai don haka aka sa masa taya. Wani abin da ke ba mutane mamaki: moton irin wannan farfela ya fi shan wuta lokacin da iska ke wucewa a sake, ba lokacin da ya toshe ba. Don haka ran da ka sa sabuwar filta, ka sa mai gyaran wuta ya auna abin da yake ja ya gwada da abin da ke rubuce a farantin, kuma kada ka bar shi yana gudu babu tiyo babu filta, kwayil ne zai ƙone.

Sanin lokacin share filta ba sai da na'ura mai tsada ba. Sami siririn tiyo fari, irin na ƙarin ruwa, ka lanƙwasa shi ya yi ƙafa biyu a jikin allo, ka zuba ruwa mai ɗan launi zuwa rabi. Baki ɗaya ka soke shi a jikin zoben ka liƙe, ɗayan ka bar shi a buɗe. Ran da filta take sabuwa ka kunna inji ka ja layi inda ruwan ya tsaya. Duk ran da ka ga ya haura layin sosai, ta toshe. Wasu filtocin suna da hannu a sama da ake juyawa ya kakkaɗa ninkin daga ciki. A juya shi a hankali, don garaje yana cinye takardar. In da iskar kwamfuresa za ka hure ta, daga waje zuwa ciki, da ledar a ɗaure a ƙasa, iskar ba mai ƙarfi ba, bakin tiyon kuma nesa kaɗan. Huda ɗaya ta isa ta mayar da ita kwando.

Akwai kuma wata dama da kake da ita wadda masu wannan inji a ƙasarsu ba su da ita. Su sanyi ne ke sa su kulle kansu da injin a gareji ko ɗakin ƙarƙashin ƙasa, don in suka fitar da iskar waje, ɗumin da suka saya da kuɗi ne ke fita. Kai ba abin da za ka yi asara. Ka yi masa 'yar rumfa a bayan shago, bututu ya ratsa bango, duk abin da ya tsere wa filta ya tsere a waje, ƙarar ma ta bar kunnenka. A ganina wannan ya fi kowace filta da za ka iya saya, in an haɗa su kuwa sai godiya. Sharaɗi biyu ne. Kada ya fuskanci madafa ko tagar ɗakin kwana ko katangar maƙwabci, don haƙƙin maƙwabtaka bai tsaya ga gaisuwa ba. Na biyu, iskar da ka fitar dole wata ta shigo ta maye gurbinta ta taga ko ƙofa, to ka tabbata janaretanka ba a bakin wannan tagar yake ba, kada ka kori ƙura ka jawo hayaƙin da ke kisa a awa guda.

Wuta ma a yi hattara da ita. Garin katako in ya cika iska ya sami tartsatsi yana tashi kamar albarushi. A watan Yulin 2015 wata masana'antar niƙa katako a Bosley ta Ingila ta tashi haka, mutum 4 suka rasu. Ɗan shago irin naka da wuya ya tara ƙurar da za ta kai ga wannan. Abin da ya fi kusa da kai shi ne tartsatsi ɗaya ya faɗa leda, ya yi ta ci a ɓoye cikin dusa, sai tsakar dare ya kama. Kada ka wasa ƙarfe ko ka yanke ƙusa kusa da bakin tiyo, kada ka zuƙe sharar daɓe mai ƙusoshi da shi, kuma ran da zarto ya ƙona katako har ka ji ƙauri, kada ledar ta kwana a ɗaki. Dusar da ka tara, masu kiwon kaji za su karɓi mai gwaɓin su shimfiɗa, masu murhun dusa ma haka. Amma ta MDF da ta katakon da aka yi wa maganin gara ko fenti, ka ware ta, ba ta kaji ba ce ba kuma ta girki ba.

Duk da haka injin nan ba ya kama komai. Abin da ya tsere a bakin zarto bai ma isa filta ba balle ta tace shi, kuma aikin sanfefa ya fi kowane aiki ƙura. Nan takunkumi ya shigo, mai lamba N95 ko FFP2 ko FFP3, ba hankici ko bakin rawani ba. Sai dai takunkumi ba ya kama fuska mai gemu, iska ta gefe take shiga. Na san ba za ka aske ba, ni ma ba zan ce ka aske ba. Akwai irin hular nan mai ɗan fanka da batir da ke turo tatacciyar iska, wadda ba ruwanta da gemu, amma tana da tsada. Kafin ka kai gare ta, gemun nan dalili ne na ka ƙara matsa wa kama ƙura tun daga tushe. Tsintsiya a busasshen daɓe ka bar ta, ka yayyafa ruwa ko ka zuƙe. Kada ka hure rigarka da kwamfuresa. Ka cire ta a shago kafin ka shiga ka ɗauki yaro. Maganar madara kuwa, da ake cewa a sha gwangwani ɗaya bayan aiki ta wanke ƙirji, ka sha don daɗinta. Ciki take tafiya, ƙura kuwa tana huhu, hanyarsu ba ɗaya ba ce.

Ka riƙa sauraron jikinka. Tari ko shaƙewar ƙirji ko numfashi mai fito da ke tasowa da yamma bayan aiki ko cikin dare, ya lafa in ka yi tafiya ko hutun sallah, ya dawo in ka koma shago, wannan ba mura ba ce, kuma kada ka ɗora wa hunturu. In jiki ya riga ya tsani wani katako, ɗan kaɗan ma ya isa ya tayar masa, kuma jinkiri yana mayar da abin na dindindin. Haka toshewar hanci ta gefe ɗaya da ta ƙi tafiya, ko haɓo da ke ta dawowa. Ka je asibiti, wajen likitan ƙirji ko na hanci, kada ka tsaya a kemis. In ka je, kada ka jira a tambaye ka: ka ce kai kafinta ne, ka faɗi shekarunka a sana'ar, ka lissafa masa itatuwan da ka fi yankawa da sunayensu.